Malama Barira da Igiyar Gwajin Dantse

Tun kafin manoma su gama kunyar farko, Malama Barira ta share barandar ɗan asibitin ƙauyenmu da ke ƙasar Tsanyawa, ta ɗauko igiyarta daga jikin ƙusa. Igiya ce mai launi uku da ake zagaya dantsen yaro da ita. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa tamowa, cutar yunwa, ta kama shi. Mai ja kaɗai ake bai wa abincin gyaɗar nan na leda. Shekarar Barira talatin da biyar tana jinyar 'ya'yanmu.

Sai shekarun tsadar nan suka zo, kwanon gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Kwalin abincin da ake kawo mata ko rabin layi ba ya isa.

Ina wurin ranar da Hure matar Dabo ta sauke ɗanta Iliyasu daga goyo. Igiya ta tsaya a ruwan ɗorawa, saura ƙiris ta kai ja.

"Inna Barira, ki ɗan matsa ta mana," in ji Hure ƙasa-ƙasa. "Wa zai sani?"

"Ni zan sani, 'yar nan. In na matsa wa naki, daga bakin wancan na cire." Ta nuna wani yaro da ko kuka ba ya iyawa.

Ta koya mata dama kunun gyaɗa da zogale, sai dai gidan Dabo babu gyaɗar. Bayan sati uku Iliyasu ya dawo, ya shiga ja ba tare da an matsa ba, kwali kuma ya ƙare. Barira ta rungume shi suka hau mota zuwa babban asibiti. A hanya ya cika.

Na ji haushin Barira, ba zan ɓoye ba. Amma ta je gaisuwa, ba ta laɓe a bayan doka ba. Ta durƙusa gaban Hure ta ce, "Ni na hana. Ki yafe mini."

Ke ce mai gaskiya a inda gaskiya ba ta ƙosar da kowa, Barira. Wancan yaron da kika nuna yana nan yana gudu, na Hure yana maƙabarta, duka biyun kuma a zuciyarki kike ɗauke da su.

Ƙarshen watan nan Barira za ta yi ritaya, ba a turo wanda zai maye gurbinta ba. A satin da ya wuce Hure ta dawo da ƙanwar Iliyasu.

"Gwada mini ita," ta ce. "Ke ba kya ƙarya."

Igiya ta tsaya a ja. Kwali babu komai.

Mun gode, Inna Barira, Allah Ya saka miki. Ku masu tasowa, ku zo ku karɓi igiyar nan, ku riƙe ta kamar yadda ta riƙe. Amma don Allah ku taho da kwali.