Kan Sarkin Rum a Wuyan Inna

Har yau in na wuce rumfar maƙera a bakin kasuwar Konni sai raina ya ɓaci.

Ina ajin farko a kwaleji, mushen tarihi, wato malaminmu, ya ɗaga littafi ya nuna mana hoton kuɗin zinariya na Rumawa. Gefe guda kan sarki ne da rawanin ganye, ɗaya gefen mace mai fukafukai. Ya ce sarki kan buga fuskarsa a kai don talakan da bai taɓa ganinsa ba ya san mai mulkinsa, macen kuwa alamar cin yaƙi ce.

Na miƙe zumbur na ce, "Mushe, muna da irinshi gida!"

Aji ya kwashe da dariya. Aka laƙaba mini "ɗiyar sarkin Rum", ko famfo na je ba a ƙyale ni. Alhali wallahi gaskiya na faɗa! Kakana ya yi fatauci har Libiya, shi ya zo da shi, aka huda aka zura a tsakiyar murjanin Inna. Tun ina ƙarama nake wasa da hancin sarkin nan.

Mushe ya ce in kawo ya gani, in haka ne shi zai rufe bakin kowa.

Na yi ta yi wa Inna magiya. Da ƙyar ta ce, "To, bari kasuwa ta ci tukuna."

Washegarin kasuwa ta miƙo mini shi ƙulle a ƙyalle, tana murmushi. Na kwance. Sumul! Ba sarki, ba ganye, ba fukafukai, sai walƙiya.

"Inna! Ina kan mutumen?"

"Na sa maƙeri ya goge. Malami guda za ki kai ma hoton kafiri da mace ba mayafi? Dama na gaji da tuɓe shi duk salla."

Kai! Ta ina zan fara gaya mata cewa wannan malamin hoton kawai yake nema? Takaici ya hana ni ko kuka.

Haka na kai shi. Mushe ya jujjuya shi a tafin hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Zinariya ce mai kyau. Koma ki zamna." Sunan nan bai bar ni ba har na gama kwaleji.

Da na dawo gida Inna na tankaɗe. Ta ce, "Malam ya yaba?"

"Ya ce zinariya ce mai kyau."

"To, kin gani?" in ji ta. "Da na bar miki shi haka nan, da mun ji kunya."