Memounatou Mai Taka Baya

Gwaggona Memounatou da ƙafa ta fito duniya, ba da kai ba. A zangon Sokode, duk wanda aka haifa haka ƙafarsa magani ce: mai ciwon baya ya kwanta rub da ciki, a taka shi. Ƙosai take soyawa a bakin kasuwa. In aka zo da mai ciwo sai ta sauke kasko, ta wanke ƙafa, ta hau bayan ƙato. Goro kawai take karɓa.

A shekarar 1938 kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya kwashi maza aikin hanya a Dapango, har da ƙanenta Garuba, wato ubana. Wata rana ya sunkuya ya ɗaga dutse, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya dawo Sokode a karkace, zafi na bin ƙafarsa ta hagu har yatsu. Amma da ƙafarsa ya shigo gida.

Gwaggo ta shimfiɗa tabarma, ta hau.

"Yaya, ba ki ci tuwo ba ne?" in ji Baba. "Taka da ƙarfi mana!"

"Rago, yanzu za ka kira uwarka."

Ta sa diddige a ƙugun, ta saki nauyinta duka. Ya yi ƙara guda. Can ya ce, "Alhamdu lillahi, zafin ya tafi." Mata suka fara guɗa. Gwaggo ce ta ga tabarmar ta jiƙe.

"Garuba, fitsari ka yi?"

"Ni? Yaushe?"

Ta mintsini cinyarsa har jini ya fito. Yana kallonta yana murmushi, bai ji komai ba.

Alassani, malamin asibiti maƙwabcinmu, ya duba shi. Washegari ya karɓo ƙashin bayan rago wajen mahauci, ya tsaga shi a gaban Gwaggo. Ya nuna mata faifai mai taushi tsakanin gaɓa da gaɓa, da jijiya biyu masu riƙe shi. Ya ce a jikin mutum ta gaba faffaɗa ce, ta baya kuwa tana sirancewa daidai ƙugu. Bayanta kuma ramin da jijiyoyin ƙafa da na mafitsara suke bi.

"A Dapango faifan ya tsage," ya ce. "Wannan siririyar ce ta rage tana tare shi. Ke kika ƙarasa."

Gwaggo ta taɓa ta da farce. "Shekara ashirin a kan wannan zaren nake hawa?"

Baba bai sake tsayawa ba. Shekara tara ita take juya shi, ita take wanke shi, don uwata ba ta iya ɗaga shi. Ranar da aka kai shi maƙabarta, wani daga cikin masu ɗaukar makara ya dawo dafe da ƙugu, ya tsaya a ƙofarta. Ta dube shi ta ce, "Tashi ka ba ni wuri tun kana iya tafiya."