Ranar da Kawu Ya Mayar da Mawaƙin Amurka Ɗan Damagaram

Ko da zan manta komai na zamana a Faransa, tafiyar da muka yi a mota daga Paris zuwa Lyon ni da Kawu da ɗansa ba za ta fita raina ba. Lokacin ina karatu, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Montreuil. Kawu, wan mahaifiyata, ya daɗe a Lyon har ya yi ritaya a can, amma a zuciyarsa bai taɓa barin Zinder ba. Ɗan nasa kuwa haifaffen Lyon ne, Hausarsa duk ta kakkarye. Ya ajiye karatun injiniya ya rungumi gita, shi ya sa suka yi watanni ba sa magana.

Kawu ya zo Sevran, kusa da Paris, bikin suna, sai yajin aikin jiragen ƙasa ya rutsa da shi. Ba mai mayar da shi sai wannan ɗan da ya yi fushi da shi. Yaron ya kira ni a waya. "Yaya, don Allah ki raka mu. In mu biyu ne, ɗayanmu a hanya zai sauka." Na yarda, ina ganin kaina babbar mai sulhu. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, don ban tsinana komai ba sai riƙe ledar kilishin da Kawu ya sayo a kasuwar Château Rouge.

Muka kama hanya da hantsi. Kawu na gaba da carbi, ya juya wa ɗansa ƙeya yana kallon gonaki kamar zai saye su. Da shirun ya yi yawa, yaron ya kunna wata tsohuwar waƙa. Kafin murya ta fito, sai wani ƙara cuuu.

"Wa ke soya ƙosai a bayan wannan mutumin?" in ji Kawu. Maganarsa ta farko ke nan tun Paris.

"Tsufan faifan ne, Papa. Ya kusa shekara ɗari."

Sai muryar ta shigo. Mutum ɗaya ne da gita ɗaya, yana ja kamar mai kuka, yana saki kamar mai zolaya, igiyoyin na amsa masa. Carbin Kawu ya tsaya.

"Wannan ɗan wane gari ne?"

"Ɗan Amurka ne. Blus ake ce wa kiɗan."

"Ƙarya ne. Wannan gurmi ne. Wannan hannun na Damagaram ne, ko kuwa ɗan wajen Maradi."

"Papa, Turanci yake yi."

"Turancin me? Ba ka ji ya ce wayyo ba? Ɗiyata, ke ma ba ki ji ba?"

Ni dai na ce, "Kawu, kamar na ji." Allah ya yafe mini.

Yaron ya shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya ce mawaƙin jikan bayi ne, ya tashi a gonakin auduga na bakin kogin Misisifi, yana yawo gari gari da gitarsa. Wuyan kwalba yake zurawa a yatsa ya goga kan igiya, shi ne take kuka kamar goge. Ya mutu talaka, waƙoƙi kaɗan aka ɗauka, amma manyan makaɗan gita na duniya daga waɗannan ƴan faifan suka koyi sana'a. "Ni ma daga nan na koya," ya ƙarasa a hankali.

Na zaci nan faɗa zai tashi. Sai Kawu ya ce, "Bayi ka ce? To ai ka gama magana. Daga ina aka kwashe su? Namu ne." Ya ce a maimaita waƙar. Aka maimaita. Ya ce a sake.

A ta ukun ne na ji wani ɗan sauti na bin ta daga kujerar gaba. Kawu ne, wanda ko rediyo ba ya bari a kunna a gidansa in ba labarai ba. Baiti yake ja a kan kiɗan, ya kuma zauna daram. Da ya ga muna sauraronsa, ya share ido da hannun riga.

"Waƙar niƙa ce ta Inna," ya ce. "Haka take jan ta a kan dutse. Wannan bawan Allah an kama muryarsa, ga shi jikokin wasu na ji a mota. Ta Inna ba wanda ya kama. Ko hotonta ba ni da shi. Na ɗauka ma na manta waƙar."

A wurin hutawa na gaba muka tsaya sallar azahar. Muna idarwa yaron ya ciro gitarsa daga but ɗin motar, ya zauna kan benci. Kawu ya harare ta kamar an kawo masa kare cikin masallaci, sannan ya zauna. Ya ja baitin, yaron ya bi shi da igiya.

"A'a, kana gudu! Niƙa ake yi, ba tseren keke ba. Jira dutsen ya dawo."

Yaron ya jira. Suka haɗu. Ni kuwa na ɗaga waya na ɗauke su. Wasu Turawa masu cin burodi a teburin kusa suka tafa, Kawu ya ɗaga musu hannu kamar wanda ya saba.

Ba zan ce muna isa Lyon komai ya gyaru ba. Har yau Kawu na cewa gita ba ta ciyar da iyali. Amma sun koma magana, kuma kafin shekara ta zagayo yaron ya ɗauki duk waƙoƙin kakarmu da uban ya iya tunawa. An tura Zinder, mahaifiyata ta kira ni tana kuka tana dariya, wai wanta ya ɓata baiti biyu.

Abin da na koya a ranar shi ne, murya amana ce mai saurin tafiya. In tsohonka ya buɗe baki zai rera, ko zai ba da labari, ajiye duk abin da kake yi ka ɗauka. Ba ka san motar da za a kunna ta ba bayan shekara ɗari, ko mutanen da za ta shirya.