Zargin da Na Ajiye Sai Arfa

Shekarar da ɗan kawuna ya sayi diyana, wato motar ɗaukar kayan nan mai matsakaicin girma, ni ya ba wa riƙon waya da takardu. Shi haifaffen Makka ne, sunansa ne a kan rajistar kamfanin. Ni kuwa aiki ya kawo ni daga gida, karatuna bai wuce firamare ba, amma duk dangi sun san ni da hali ɗaya: in na kulle ƙofa sai na dawo sau uku na taɓa kwaɗon. Ya ce irin wannan mutumin yake nema.

Ofishinmu teburi ɗaya ne da kujeru biyu a ƙasan wani tsohon gini a unguwar Tandabawi a cikin Makka, tsakanin mai wanki da mai gyaran fanka. Ranar farko ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Ya ce akwai mutanen da ba su da ko taya ɗaya, amma sana'arsu dakon kaya. Sai su samu hoton takardun motar wani, su karɓi aiki da sunansa, su tura wata motar haya ta ɗebi kaya a sito, daga nan ba a sake jin labarin kayan.

"In kaya suka ɓata, Yaya, ni za a nema. A rufe rajista, halas. Motar ta zama ɗakin tattabaru."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya so. Duk wanda ya kira sai na tambaye shi unguwarsa, da lambar gidansa, da wanda ya ba shi lambarmu, da wanda ya ba wancan. Wata baiwar Allah da ke son a kai mata firji da katifa biyu ta saurare ni har na kai ga sunan mai gidan da take haya, sannan ta ce, "Malam, kaya za ka ɗauka ko aurena ka zo nema?" Ta kashe wayar. Na ji haushi, amma na ce a raina ai mai gaskiya ba ya gudun tambaya, na sa ta cikin waɗanda nake shakka.

Ana cikin haka na zauna karatun wani malami a masallacin unguwa bayan Magariba. Ya yi magana a kan girman Harami, ya ce a sauran garuruwa sai mutum ya aikata mugun abu ake rubuta masa, amma a cikin iyakar Harami ko ƙudurta shi a zuci abin tsoro ne. Ya kuma ja kunne a kan mummunan zato ga Musulmi. Sauran mutane suka yi salati suka tashi neman abinci. Ni na kasa tashi. Aikina gaba ɗaya mummunan zato ne, daga safe har yamma, kuma ina yin sa a wurin da in na leƙa ta taga ina hango hasumiyar agogon da ke jikin Masallacin Harami.

Kwana biyu tuwo bai wuce mini da daɗi ba. A rana ta uku na samo mafita, kuma ban tambayi kowa ba, don kada a ɓata mini ita. Arfa tana wajen iyakar Harami. A lokacin kuwa aikin Hajji ya matso, muna kai darduma da ƙarafan tanti can sau biyu a mako. Sai na riƙa karɓar kowa da kyakkyawan zato a Tandabawi, in rubuta sunansa a takarda in sa a aljihu. Ranar tafiya in shiga gaba kusa da direba. Muna wuce Muzdalifa bakina a rufe, zuciyata fes. Da mun gifta allon iyaka sai in zaro takardar in zargi kowa ɗaya bayan ɗaya, a natse, har mu isa.

Direbanmu dattijo ne daga Maraɗi, ya fi shekara ashirin yana tuƙi a ƙasar. Baba nake ce masa, shi kuma Manaja yake ce mini, da wata irin murya da ba ta da alaƙa da girmamawa.

"Manaja, mun kusa allo. Shirya ɓarayinka."

"Baba, ba abin wasa ba ne."

"Mi ya kai ni wasa? In ka gama da su ka zarge ni ni ma, tun muna waje, kada in bi ka bashin zargi mu koma gari."

Wata Litinin bayan Azahar wani Alhaji ya kira. Muryar manya ce, a hankali, ya gaishe ni gaisuwar gida cikakkiya, har ya tambayi masu jiki alhali ban ce masa akwai marar lafiya ba. Ya ce wasu bayin Allah ne suka sayi ruwan gora da dabino sadaka ga alhazai, kayan na wani babban sito a kudancin gari, ana neman motar ɗan'uwa ta kai su Arfa, don kada ladan dakon ma ya fita daga hannun namu. Abin da ya rage kawai in turo hoton istimara, wato takardar mota, da katin direba da rajistar kamfani, a sa mu a jeri kafin La'asar.

Zargi ya taso mini, na danne shi da istigfari. Dattijo, da sadakar alhazai, kuma ni a zaune cikin Harami. Na ce, "Alhaji, ko za a bari zuwa gobe da hantsi?" Gobe ce ranar tafiyarmu Arfa.

"Ɗana, in kana da shakka a kaina ka faɗa, ba komai. Allah ya san zukata."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauki hotunan har sau biyu don su fito da kyau, na tura, na ƙara da ba shi haƙuri. Sannan na rubuta shi a takardar aljihu, a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe.

Washegari muna gifta allo zargin ya sauko mini gaba ɗaya, ban ma zaro takardar ba. Me ya sa bai tambayi kuɗin dako ba? Wa ya ba shi lambata? Me ya sa tun jiya bai sake kira ba? Na buga lambarsa, a kashe. Na ba Baba labari daga farko. Bai yi dariya ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce ya gane siton da Alhaji ya kwatanta, ya san mai gadinsa, ya taɓa kai musu kaya. Ya kira shi, aka haɗa mu da mai kula da sito, na faɗi sunan kamfaninmu.

Mutumin ya ce da Larabci, "Ai motarku tana nan, ana yi mata lodi na biyu. Na farko ya fita tun da safe."

Na dubi sitiyari, na dubi Baba, na leƙa baya na ga dardumominmu. Na ce, "Ya shehu, ni ina zaune a cikin motarmu yanzu haka."

Sai na ji yana kiran mai gadi ya rufe ƙofa.

Da muka isa siton mun tarar da wata farar diyana da ba ta ko yi kama da tamu ba, rabinta cike da katan-katan. Direbanta wani bawan Allah ne da aka yi haya ta waya, aka ce masa ya nuna hotunan takardunmu a ƙofa, ya kai kayan wani fili a hanyar Jidda. Yana ta rantsuwa, kuma na yarda da shi, don wurin cikin Harami ne. Ba wanda ya duba lambar mota da safe, saboda layin motoci har titi. Kayan kuma ba na sadaka ba ne, na wani ɗan kasuwa ne, yana hanya yana tafe da fushinsa.

Ɗan kawuna ya zo ya same mu a ofishin 'yan sanda. Bai yi mini faɗa ba. Ya zauna ya ɗora rajistar kamfanin a cinyarsa yana shafa ta. Jami'in ya saurari kowa, ya duba wayata, ya ga hotunan da haƙurin da na ba wa Alhaji. Ya yi mana bayani dalla-dalla: lodin farko ya fita da sunan kamfaninmu. Ko dai mu shigar da ƙara cewa mai lambar wayar nan ya yaudare mu ya yi amfani da takardunmu, ko kuma a ɗauka da saninmu aka yi, a dakatar da rajistar har a gama bincike. Ni na yi magana da mutumin, don haka ni zan sa hannu.

"Kana tuhumarsa da zamba?"

Na tambaye shi a hankali ko suna da wani ofishi a Arfa. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya dubi ɗan kawuna. Baba ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa.

Ɗan kawuna ya matso kusa da kunnena. "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, wannan ba zato ba ne. Kayan sun tafi. Sa hannu."

Na riƙe biron ina neman wata hanya. Wataƙila wayar Alhaji aka sace. Wataƙila shi ma wani ne ya yaudare shi. Amma muryar da ta ce Allah ya san zukata ita ce ta nemi hotunan, da kunnena na ji. Na dubi takardar da ke cinyar ɗan kawuna, har gefenta ya jiƙe da gumin hannunsa. Na ce, "Ina tuhumarsa," na rubuta sunana cikakke, na sa babban yatsa.

Ba a dakatar da rajistar ba. Sai da muka yi mako guda muna zirga-zirga da takardu, aikin darduma ya koma hannun wasu, amma ranar takwas ga watan Hajji motarmu na cikin masu shiga Arfa. Lodin farko dai har na bar aikin ban ji an same shi ba, Alhaji ma haka.