Ba a Ƙwace Ƙwallo a Ƙafar Malam

A shekarata ta ƙarshe a Alƙahira, cikin sanyin farkon 2014, ƙungiyarmu ta ɗaliban Najeriya ta kai wasan ƙarshe a gasar ƙwallon da ɗalibai baƙi na jami'armu ke yi a hutun tsakiyar shekara. Ba mu taɓa kaiwa nan ba. 'Yan Senegal za mu kara da su, kuma mako uku kacal ya rage mana.

Ni ne kyaftin, shekara biyar ke nan, ina buga tsakiya da riga mai lamba takwas. Shekaruna talatin da uku a lokacin, ga ɗan tumbin da kushari, dafa-dukan Masar na shinkafa da taliya, ya ajiye mini, amma a ganina babu wanda ya kai ni riƙe ƙwallo. Abin da ke damuna shi ne, mu bakwai daga cikin sha ɗayan da ke fara wasa duk za mu koma gida bayan jarrabawar bazara, su kuma sababbin ɗalibai sun fara janye jiki daga atisaye. Ran Juma'a da kyar muke cika goma sha huɗu. Ina tsoron ranar da muka hau jirgi ƙungiyar ta mutu, kuma a hannuna.

A wasan kusa da na ƙarshe mun ci 'yan Indonesiya ɗaya da nema, da taimakon Allah da na golanmu. Ni dai an ƙwace ƙwallo a ƙafata ya fi a ƙirga. Na ɗora laifin a kan fili, na ɗora a kan alƙalin wasa, har takalmina bai tsira ba.

Cikin 'yan kallo ranar akwai wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, Kirista ne mutumin Filato, mai furfura a gefen kai, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ya ce kafin ya shiga aikin gwamnati ya horar da 'yan sakandare. Gidansa na unguwar Muhandisin, kuma ya san mai kula da wani fili mai ciyawar roba a unguwar Dokki. Ya ce in muna so zai samo mana shi sau uku a mako bayan la'asar, ya kuma duba mu. Tun daga ranar muke kiransa Koci.

Atisayen farko ya raba mu gida biyu, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ni kuwa na saki jiki, ina yanke wannan ina wuce wancan, don ya ga da wa yake tare. Ba a yi minti ashirin ba ya busa usur. Ya kira wani ɗalibin shekarar farko, ɗan Azare, dogo siriri marar yawan magana, wanda nake karantar da shi nahawu duk Talata a ɗakina.

"Kai, sau huɗu mutumin nan ya bi ta gabanka. Ƙafarka ciwo take?"

Ɗan Azare ya sunkuyar da kai. "A'a, Koci."

"To me ya hana ka karɓe ƙwallon?"

"Ai Malam ne."

Koci ya dube ni, ya dubi sauran manyan, ya yi wata 'yar dariya da har yau ban yafe ba. Ya ce, "Malam, shekara nawa kake atisaye da mutanen da ke raka ka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da muka hau ƙaramar bas zuwa masauki, ko ruwan raken da muka saba tsayawa sha ban sha ba. Haushin da na fi ji shi ne na san gaskiya ya faɗa. Haka muka tarar da tsarin, haka muka riƙe shi. Wanda ya riga zuwa Masar shi ke fara wasa. Sabon zuwa shi ke ɗauko ƙwallo in ta fita, sai a saura minti goma a tashi a saka shi ya ɗan ji ɗumin fili. In babba na riƙe da ƙwallo, ƙarami zai yi ta gudu a gefensa ne kawai, in kuwa tsautsayi ya sa ya taɓa shi, nan take ya tsaya yana "Ma'alish, Malam, a yi haƙuri." Ni ma na yi wa na gabana haka. Abin da ban lura ba shi ne ranar da aka fara yi mini, sai na ɗauka ƙwarewata ce ta ƙaru.

Washegari na tara 'yan ƙungiya na yi jawabi. Na ce a cikin fili babu malam babu ɗalibi, kowa ya tare kowa. Duk suka ce, "To, Malam." Muka shiga fili suka ci gaba da raka ni kamar da, sai dai yanzu suna haɗa shi da ɗaure fuska.

Ran Talata ɗan Azare ya zo da littafinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe inda muka tsaya. Na sa hannu na rufe littafin.

"Ba za mu ƙara karanta ko layi ɗaya ba sai ranar da ka ƙwace ƙwallo a ƙafata."

"Haba, Malam, jarrabawa fa na nan tafe."

"Na sani. Khalas, shi ke nan, tashi ka tafi."

Ya fita idonsa ya yi ja. Na ji tausayinsa, amma ban kira shi ba.

Ran Laraba a Dokki, ƙwallon farko da ta zo ƙafata ban san lokacin da ta bar ni ba. Ta biyu ma haka. A ta uku na sa jiki na kare, sai kawai na ji ni a ƙasa, ciyawar roba ta ɗaye mini fatar gwiwa. Filin ya yi tsit, har ana jin hon ɗin motocin babban titi. Ɗan Azare ya tsuguna a kaina.

"Malam, don Allah, don Annabi..."

"Wa ya ce ka tsaya? Ina ƙwallon?"

Koci ya daka tsawa, "Yalla, a ci gaba!" Aka ci gaba. Kafin a tashi sau bakwai ɗan Azare ya raba ni da ita, ni na ƙirga da kaina. Da sauran ƙananan suka ga sama ba ta faɗo ba, su ma suka shiga cikin manyansu. Ranar muka san akwai 'yan ƙwallo biyar a bencinmu da suka fi mu nesa ba kusa ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji daɗi, duk a yammaci guda.

Ban miƙa wuya nan take ba. Na daina cin kushari, na koma ful, dafaffen wakensu, da ɗan burodi. Bayan sallar asuba nakan fita gudu cikin sanyi har sai maƙogwarona ya bushe, masu gadin gidaje suna kallona daga cikin barguna suna ce mini sannu da Larabci. Na ƙara sauri kaɗan, wannan gaskiya ne. Amma ɗan Azare shi ma ƙaruwa yake, ga shi yanzu ya daina ba da haƙuri. Labari ya bazu a masauki cewa ana kayar da manya a Dokki, sai ga sababbin ɗalibai suna dawowa, wasu da takalmin aro. Juma'ar ƙarshe mun kai ashirin da shida.

Ana gobe wasa Koci ya miƙo mini takarda da biro. Ya ce, "Ni baƙo ne a cikinku. Kai ne kyaftin, kai za ka rubuta sha ɗaya."

Na zauna a ɗaki bayan azahar da takardar a gabana. Abokin ɗakina, wani Basakkwace, shi ne golanmu, tare muka sauka a Masar rana ɗaya. Yana leƙowa ta kafaɗata ina rubutu. Na sa sunansa farko, don shi ya cancanta. Na sa manya uku da har yanzu ƙafarsu ke aiki. Sauran na cika da ƙanana. Da na zo gurbin lamba takwas na daɗe biro na tsaye, sannan na rubuta ɗan Azare.

Basakkwace ya ce, "Kai, ka yi hauka? Wasanka na ƙarshe ke nan a ƙasar nan."

"Na sani."

"Ka fara mana, ko rabin lokaci ne, sai a canza ka. Wa zai ce wani abu?"

"Babu wanda zai ce. Matsalar ke nan."

Manya biyu daga cikin waɗanda na cire ba su yi mini magana ba har muka bar Masar. Ban ga laifinsu ba, ni ma da wani ne ya cire ni da ban yi masa ba.

Ranar wasa fili ya cika, 'yan Senegal sun zo da gangunansu, namu sun zo da murya. Na ba ɗan Azare rigata da hannuna, ta yi masa yawa a ciki, ta yi masa gajarta a tsawo. Na zauna a benci da takalmina a ɗaure. Kyaftin ɗin 'yan Senegal wani ƙato ne mai gemu, ya girme ni, shi ke limanci a masallacin ɓangarensu. Minti na biyu ya ɗauko ƙwallo ta tsakiya, ɗan Azare ya shige shi ya fito da ita tsaf, ya bar liman a zaune, ko waiwaye bai yi ba.

Suka ci mu kafin hutun rabin lokaci, muka farke bayan an dawo. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti goma, Koci ya dafa kafaɗata. "Malam, shiga ka yi sallama da fili." Na miƙe kafin in yi tunani, don wallahi ina so, ƙafafuna har ƙaiƙayi suke. Ɗan Azare ya hango ni tsaye. Ba wanda ya kira shi, amma sai ga shi ya nufo layi da sassarfa, ya kama gefen rigar zai cire ya ba ni, ana tsakiyar wasa, gurbinsa a buɗe.

Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. "Koma! Wallahi ka fito ba ni ba kai!"

Ya tsaya, ya saki rigar, ya juya da gudu. Na koma na zauna na kwance igiyar takalmina.

A bugun fenariti 'yan Senegal suka ɗauke kofin. Ƙananan namu suka zube a fili suna kuka, ni nake bi ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ina gaya musu akwai atisaye ran Juma'a, kada wanda ya makara. Suka zo kuwa, su ashirin da tara, na tsaya a gefe tare da Koci muna kallo.

Ran Talata ɗan Azare ya ƙwanƙwasa ƙofata da littafi a hannu ɗaya, da rigar a ɗayan, ya wanke ta ya goge. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ajiye ta a gabana. Na tura masa abarsa, na ce ya buɗe inda muka tsaya.