Duwatsu Biyu a Gwangwanin Mama

Shekara takwas ke nan da rasuwar Mama, kuma har yau ina jin haushin cewa ta tafi da addu'a ɗaya da ba a amsa mata ba. Na faɗa wa fasto, na faɗa wa Allah ma, ban ɓoye ba.

Mama ba ta yi boko ba. Ta yi noman doya a Agyaragu har ƙarfinta ya ƙare, sannan ta dawo wurina a Lafiya. Tun da ba ta iya rubuta sunaye, sai ta riƙa tara ƙananan duwatsu a gwangwanin madara, kowane dutse mutum guda. Da asuba ta juye su a kan tabarma, ta ɗauki ɗaya ta kira sunan mai shi a gaban Ubangiji, ta mayar. In an amsa, ta jefar da dutsen a bayan gida. Akwai biyu da ta ƙulle tare a tsumma: ni da ƙanwata Rifkatu.

Ga abin da ya raba mu. Wata Lahadi a zumuntar mata, na riƙe littafin waƙoƙi a kife, Rifkatu ta juya min shi tana dariya, ta ce, "Yaya, ko makaho ya fi ki." Mata suka kwashe da dariya. Don zafin wannan maganar na shiga ajin manya ina da shekara arba'in da biyu. Na koyi karatu, amma ban sake gaishe ta ba.

Shekara shida Mama tana ɗaga tsumman nan kullum. Ran nan na gaji na ce, "Mama, Allah ba kurma ba ne. Sau ɗaya ya isa."

Ko kallona ba ta yi ba. "Shi ya ji tun ranar farko, Saratu. Ke ce mai taurin kunne. Ke nake jira."

Ranar jana'izarta ni da Rifkatu muka tsaya bakin kabari ɗaya, kowa na kallon ƙasa.

Yanzu addu'a ta koma cikin waya. A turo maka, ka danna "Amin", ka wuce. Ni ma ina yi. Da Mama na nan, da ta ce wanda ka roƙa wa jiya, yau ka tuna da shi? Ina kewar muryarta da asuba, da ƙarar duwatsun nan suna faɗawa cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya yi shiru da yawa.

Makon jiya, ranar da Mama ta cika shekara takwas da rasuwa, na sauko da gwangwanin daga kan kabad. Sauran duwatsun ban san masu su ba, Mama ta tafi da sunayensu. Tsumman kawai na sani. Na durƙusa inda take durƙusawa, na buɗe baki in sake yi wa Allah ƙorafi, sai sunan Rifkatu ya fito. Shekara goma sha huɗu bai bi ta bakina ba. Nan na gane addu'ar Mama ba ta mutu da ita ba. Amsar tana hannuna, ni na riƙe ta.

Washegari na zaɓi doya biyu masu kyau, na sa tsumman a jaka, na tare keke zuwa kasuwa inda Rifkatu take sayar da manja. Ta ɗago kai ta gan ni, mazubin ya tsaya a hannunta.

Na ce, "Rifkatu, matsa min benci."