Kunun Kanwar Inna

Haihuwata ta fari na koma gida wanka, Ƙofar Dundaye. Inna ta tsaya mini tsayin daka: ruwan zafi safe da yamma, sai kunun kanwa a kwanon sha, tana tsaye a kaina har in shanye. Ni ma ina son abina, ban taɓa yi mata gardama ba.

Wata rana da hantsi ina ba jaririya nono yatsuna suka murɗe suka haɗe wuri guda, leɓɓana kamar kiyashi na yawo a kai. Yarinyar ta zame daga cinyata zuwa tabarma. Ina kallon ta tana tsala kuka, hannun ya ƙi zuwa.

A asibiti likita ta ce sinadarin kalsiyam ɗin jinina ya yi ƙasa sosai. Da ta ji batun kanwa ta ce a daina, tana iya ƙara murɗewar. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Inna kuwa abin da ta ji shi ne ita ta nakasa ni.

Daga ranar ta daina shiga ɗakina. Tuwo ma sai ta aiko. Jikarta ta fari, amma ko ɗaukar ta ba ta yi.

Da na koma asibiti, likitar ta ce akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama a wuya, girmansu bai fi ƙwayar shinkafa ba, su ke kula da kalsiyam, nawa sun yi sanyi. Za a ɗebi jini a tura nesa, a duba ko sojojin jikina ne suka juya suna yaƙar su. Na miƙa hannu. Ko shigar allurar ban ji ba. A lokacin ba na jin komai, ba tsoro, ba fushi, in sha magani in kwanta kurum. Abu ɗaya nake so, gwajin nan ya dawo mini da uwata ɗaki.

An yi ta je-ki-dawo har arba'in ta wuce, sannan sakamako ya fito. An ga sojojin a jinin. Likita ta ce magani zan yi ta sha, wataƙila muddin rai. Ni ko a jikina. Na tare a-daidaita na koma gida.

Na iske Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa.

“Inna, sun duba. Ba kanwa ba ce. Jikina ne ke faɗa da kansa, ko ban sha kunun ba sai ya yi. Ba laifinki, wallahi.”

Ta ci gaba da buga rariya. Na ɗauka ba ta ji ba, har na buɗe baki in sake faɗa, sai ta ajiye ta kalli hannuwana.

“To ɗiyata,” ta ce, “jikin ga, wa yah haihe shi?”